Yadda Wata Malamar Rasha Ta Mayar da Ni Ajin Hausa

Wannan makon ni aka ɗora wa rubutun mako, kuma na yanke shawarar in tona asirin kaina, tunda an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wataƙila wani ya tsira daga kunyar da na sha.

A daminar bara, ina dawowa daga gonar masara a bayan garinmu a Doguwa, na hau wani tudu inda sabis yake ɗan kamawa, sai saƙonni suka fara shigowa wayata. Ɗaya daga ciki na ɗan kawuna ne da ke karatun likita a Rasha. Ya ce, "Ƙanina marubuci, na samo maka aiki." Wata malamarsu ce ta rubuta taƙaitaccen bayanin wani bincike da Turanci, tana son aikawa da shi wata mujallar likitoci a waje. Da yake ta san Najeriya da Turanci ake karatu, sai ta roƙe shi ya duba mata. Shi kuma jarrabawa ta sako shi gaba, ga shi ya san Turancinsa na ɗakin marasa lafiya ne. Sai ya ce mata yana da ƙane a gida, marubuci ne, har ɗan ƙungiyar marubuta ne.

Ba zan ɓoye muku ba, kaina ya kumbura. Na ce, "Yaya, turo kawai, yau ɗin nan zan gama." A raina ina cewa yau ga Baturiya tana neman gyaran Turanci a wurin ɗan Doguwa mai difloma.

Rubutun bai cika shafi ɗaya ba. Da daddare na zauna da fitilar sola na bi shi layi-layi. Abin da na fara lura da shi, ƙananan kalmomin nan biyu na Turanci, "the" da "a", kusan babu su a ko'ina. Ta fara da "Aim of study was", haka nan tsirara. Sannan ga waƙafi a inda ban taɓa gani ba, kamar "We found, that". Ga wata jimla da ta ce matsalar "is very actual". Ga wani wuri da ta rubuta cewa marasa lafiya "drink tablets". Na cusa "the" da "a" a wurare sun fi ashirin, na share waƙafai, na canza kalmomi, na tura kafin sha biyun dare. Na kwanta ina jin kaina kamar farfesa.

Bayan kwana biyu amsa ta dawo ta hannun Yaya. Malamar ta yi godiya, amma ta haɗo da wani jadawali mai gida uku. Gidan farko abin da ta rubuta, na biyu abin da na gyara, na uku kuma ta bar shi fayau, da kalma ɗaya a samansa mai nufin "saboda me". Yaya ya ce, "Ta ce ka cike mata na ukun. Wai gyaran da ba ta san dalilinsa ba, gobe ma sai ta maimaita kuskuren."

Na zauna da biro a hannu har aka kira sallar isha'i ban cike ko layi uku ba. Me ya sa na sa "the" a gaban marasa lafiya a nan, na ƙi sawa a can? Iyakar amsata ita ce haka ya fi daɗi a kunne. Kunne kuwa ba hujja ba ne da za a aika wa malamar jami'a. Abin da ya fi wannan ciwo, a ƙasan jadawalin ta ja layi a wani gyara nawa. Ta rubuta "equipment", ni kuma na ƙara mata harafin jam'i ya koma "equipments", kamar yadda na saba gani a allunan shaguna da takardun ofis. Cikin ladabi ta ce littafin nahawunta ya nuna kalmar ba ta ɗaukar jam'i, ko akwai wata ƙa'ida da ba ta sani ba? Na duba ƙamus. Ita ce da gaskiya. Da ta yarda da ni ido rufe, da ta aika wa masana kuskuren da ba nata ba, kuma da ɗan'uwana ne zai riƙa haɗa ido da ita a aji har ya gama karatu.

Washegari na kira Yaya. Agogonsu yana gaba da namu da awa biyu, don haka sai da na jira ya fito daga asibiti. Na ce, "Yaya, don Allah faɗa mini yadda Rashanci yake, ko na gane inda wannan baiwar Allah take samo kurakuranta." Da yake ya koyi harshen saboda hira da marasa lafiya, sai ya warware mini.

Rashanci ba shi da takwarorin "the" da "a" kwata-kwata. Mai magana yana gane wane abu ake nufi daga yanayin zance da jerin kalmomi. Don haka ɗan Rasha bai manta da su ba ne, tun asali babu gurbinsu a kansa. Waƙafin nan na "We found, that" kuwa doka ce a wurinsu. Dole a sa waƙafi kafin kalmarsu ta "chto", wadda ke daidai da "cewa" a Hausa, kuma yaro ya bar shi a makaranta an rage masa maki. Kalmar "aktualny" a Rashanci tana nufin abin da ake yayi ko ake fama da shi a yanzu, sai ta ga "actual" ta Turanci ta yi kama da ita, ta ɗauka 'yan gida ɗaya ne, alhali ma'anarsu ta sha bamban. Da ya zo kan "drink tablets" sai ya fashe da dariya, ya ce, "Ai su ma shan magani suke yi kamar mu, ko da ƙwaya ce."

A nan na gane cewa matar nan ba jahiltar Turanci ta yi ba. Rashanci take rubutawa daidai wa daida, ta sa masa rigar Turanci. Sai na waiwayi nawa Turancin. Sau nawa na miƙe zan fita na ce "I am coming", saboda "ina zuwa" ce a bakina? Sau nawa na ce "borrow me your biro", saboda "ara mini" nake fassarawa? Wanda ya ce "I hear Hausa" ai "ina jin Hausa" yake nufi. Kurakuranmu a harshe na biyu ba daga sama suke faɗowa ba, sawun harshenmu na farko ne. Bambancina da malamar ɗaya ne: ita ta san dokokin harshenta, don haka tana iya nuna daidai inda suka saɓa da na Turanci. Ni kuwa ban san na Turanci ba, kuma kamar yadda za ku gani, ban san na Hausa ba.

Na yi kusan mako ina kokawa da batun "the". Na karanta bayanai a intanet har kai ya yi mini zafi. Ranar wata Alhamis na dawo gida, Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ta ce, "Wani mutum ya zo nemanka ɗazu. Mutumin ya ce gobe zai dawo." Na tsaya cak da takalmi ɗaya a ƙafa. Wani mutum, sannan mutumin. Da farko ba a san shi ba, sai aka ce "wani". Da aka sake ambatonsa ya zama sananne, sai aka liƙa masa "-n". Haka "wata mota" take komawa "motar". Abin da na yi mako ina nema a littattafan Turawa, ga shi a bakin Inna wadda ba ta taɓa shiga ajin boko ba. "Wani" da "wata" suna aikin da ya yi kusa da na "a", ɗafin "-n" da "-r" kuma yana aikin da ya yi kusa da na "the".

Na ce kusa, domin ba ko'ina suke tafiya tare ba. Muna cewa "rana ta faɗi" ba tare da ɗafa komai ba, amma Bature sai ya ce "the sun", saboda ita kaɗai ce, kowa ya san wadda ake nufi. Muna cewa "na sayi littafi" ba sai mun ce "wani" ba, shi kuwa dole ya sa "a". Amma da na sami wannan tsani daga Hausa, sauran hawan ya zo da sauƙi. Na cike gidan na uku layi bayan layi, har na kawo mata misalin mutumin Inna. Yaya ya ce da ta karanta ta yi murmushi, ta ce ashe Hausawa sun fi Rashawa sa'a, tunda sun taso da rabin dokar a bakinsu.

Da labarin ya tsaya nan, da alfahari na zo yi muku. Sai dai bayan wata ɗaya na shirya zuwa zaman ƙungiyarmu na wata-wata a Kano, ɗauke da wani gajeren labari da na daɗe ina ji da shi. Na yi sammako, muka ratsa dajin Falgore, muka wuce Tudun Wada, muka ɓulla Kwanar Dangora, duk hanya ina maimaita yadda zan ba da labarin gyaran da na yi wa Baturiya. Na kuwa bayar, aka tafa mini. Sannan na miƙa labarina ga wani dattijo a cikinmu, tsohon malamin Hausa, ya zaro jan biro daga aljihun gaba.

Kafin ya kai ƙarshen shafin farko takardar ta koma kamar an yanka kaza a kanta. Na rubuta "ya na tafiya", ya haɗe ta koma "yana". Na rubuta "sune suka zo", ya raba ta koma "su ne". Na rubuta "ta ajiye akan tebur", ya raba, ya ce "akan" ta al'ada ce, kamar "akan yi ruwa a Agusta", ta wuri kuwa "a kan" ce. Na rubuta "bata zo ba", ya tambaye ni ko "ɓata" nake nufi ko "ba ta". Wanda ya sa ɗakin ya ɗauki dariya shi ne inda na rubuta "baki sun cika gidan biki". Ya ɗaga kai ya ce, "Ɗana, bakin wa? Na amarya ko na ango?" Baƙi nake nufi, amma ban sa ƙugiya ba.

Na ce, "Malam, ai ana ganewa."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Da Baturiyar nan ta bar maka 'the' ka ce mata ana ganewa? Ai ana ganewar. Me ya sa ka yi mako uku a kan shafinta guda?"

Ban sami amsa ba, kuma har yau ban samu ba. Na yi mako uku ina tattalin Turancin wata, ban taɓa ware awa guda na zauna na koyi ƙa'idojin rubutun harshen da nake kiran kaina marubucinsa ba. Idan na yi kuskure a Turanci kunya nake ji kamar in nutse. Idan na yi a Hausa sai in ɗaga kafaɗa.

Malam bai bar ni haka ba. Ya ce waɗannan ƙa'idojin da nake rainawa mutane ne suka sha wahala a kansu. Tun 1912 Hans Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubuta Hausa da boko. Haruffa masu ƙugiya sun samu gindin zama ne a zamanin Rupert East a Zariya, kuma da su jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, ta raini masu karatu. A 1966 an yi taro a Bamako ƙarƙashin UNESCO kan daidaita rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. Sannan ya ƙara mini da abin da ya ƙarasa kashe mini jiki. Ya ce su Rashawan da nake taƙama na yi wa gyara, tun 1963 aka buga ƙamusun Hausa zuwa Rashanci a Mosko ƙarƙashin jagorancin masaninsu Dmitri Olderogge, kuma yana saurayi ya sha kama sashen Hausa na Rediyon Mosko. Wato akwai waɗanda suka zauna cikin ƙanƙara suna bambance "k" da "ƙ", ni kuma da na sha Hausa a nono ina cewa ana ganewa.

Na san akwai masu cewa su dama Turanci suka sa gaba, Hausa ta wucin gadi ce kafin su ƙware. Ba na hana kowa, ni ma ina rubutu da Turanci jefi-jefi. Amma ku dubi Rashawan da suka yi suna a rubutun Turanci. Vladimir Nabokov ya iya Turanci tun yana yaro, duk da haka sai da ya rubuta littattafan ƙagaggun labarai tara da Rashanci kafin ya koma Amurka a 1940 ya ci gaba da Turanci. Joseph Brodsky mawaƙi ne da ya riga ya yi suna a Rashanci kafin a tilasta masa barin Tarayyar Sobiyat a 1972. A Amurka ya rubuta maƙalu da Turanci, aka tara su a littafi a 1986, ya karɓi kyautar Nobel a 1987, kuma bai daina waƙa da Rashanci ba. Dukansu biyu sun shiga gidan aro ne bayan sun san kowane lungu na gidansu. Wanda bai saba tambayar kansa dalilin waƙafi a Hausa ba, ba zai fara ranar da ya koma Turanci ba, domin halin da ya saba da shi zai bi shi.

Daga ranar na sayi littafin rubutu mai shafi tamanin, na ja layi biyu a kowane shafi, na mayar da shi gida uku irin na malamar. Gaba na Hausa, baya na Turanci. Duk gyaran da aka yi mini sai na shigar, kuma ba na ɗaukar an gama sai na cike gidan dalili. Ga kaɗan daga abin da ya taru a ɓangaren Hausa, ko wani zai amfana.

Wakilin suna yana haɗewa da "na" da "ke" da "kan" na lokaci: yana, tana, yake, suke, yakan, mukan. Amma "za" a ware take: za su, za mu, za a. "Ne" da "ce" kalmomi ne masu cin gashin kansu: shi ne, ita ce, su ne. "Ba" ta korewa ba ta manne wa "ta" ko "ya" ko "su": ba ta zo ba, ba su sani ba. Ƙugiya kuwa ba ado ba ce, harafi ne daban. Kasa da ƙasa, kafa da ƙafa, dari da ɗari, bari da ɓari, kowanne ma'anarsa daban. Wayoyinmu duk suna karɓar allon rubutu na Hausa, minti biyar ya isa a saka shi, don haka uzurin "wayata ba ta da shi" ya ƙare.

A ɓangaren alamomi, babban ciwona shi ne jimlar da ba ta da aya. Nakan jera abu biyar da waƙafi har numfashin mai karatu ya ɗauke. Maganin da Malam ya ba ni shi ne in karanta rubutuna da ƙarfi. Inda murya ta sauka ta huta, aya ce. Inda ta ɗan dakata tana shirin ci gaba, waƙafi ne. Alamar motsin rai guda ɗaya ta wadatar, jera biyar ba ya ƙara wa kukan jaruma zafi. Haka ɗige-ɗigen zarce da muke yayyafawa kamar gero a ƙarshen kowane layi, a bar su sai inda magana ta yanke da gaske. Kuma duk lokacin da wani sabon mutum ya karɓi magana a labari, a ba shi sabon layi da alamar zance.

Zaɓen kalma shi ne inda na fi tuna "aktualny". Mu ma muna da irin wannan tarkon, sai dai namu ya juya, yanzu Turanci ne ke barin sawu a Hausarmu. Na kama kaina na rubuta "a ƙarshen rana dai shi ya yi nasara", alhali ba faɗuwar rana nake nufi ba, "daga ƙarshe" nake nufi. Na kama kaina ina sa jaruma ta shiga "bedroom" bayan ga uwarɗaka da turaka da ɗakin kwana. Na kuma lura duk mutanen labarina "dariya" kawai suke yi, alhali Hausa ta ba ni murmushi da yaƙe da ƙyalƙyatawa da tuntsirewa, kowacce da halin da take nunawa. Yanzu idan jimla ta yi mini wani iri, nakan tambayi kaina ko Inna za ta faɗe ta haka. In ba za ta faɗa ba, sai in sake dubawa, wataƙila Turanci ne sanye da babbar riga.

Takardar malamar ta dawo mata sau ɗaya da wasu gyare-gyare daga mujallar, ta gyara, aka karɓa. Yaya ya ce har yanzu jadawalinta yana kan teburinta, ya ƙara tsawo. Labarina na gidan biki kuwa na sake rubuta shi sau huɗu. A karo na huɗu Malam ya mayar mini da shi da jan biro a wuri biyu kacal, ya ce, "Yanzu ka fara."

Roƙona ga kowa a wannan makon, ɗauki shafi ɗaya daga rubutunka na baya, ka nemo kuskure uku, ka rubuta gyaransu, sannan ka rubuta dalili. Wanda dalilin ya gagare shi ya kawo nan mu haɗu mu nema, akwai malamai a cikinmu. Wannan rubutun nawa ma na bi shi sau uku kafin in saka, amma na san ba za a rasa abin gyara ba. Duk wanda ya gani ya nuna mini, zan karɓa hannu biyu, da sharaɗin ya zo da dalilinsa, domin akwai sauran shafuka a littafina.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa alƙalumanmu su amfani al'umma. Sai mun haɗu a sharhi.